Bidiyon da Kabiru Ya Goge

Kabiru ɗan adaidaita bai fito da niyyar ɗaukar komai ba. Hatsaniya ya gani da rana tsaka a Gyadi-Gyadi, hannunsa ya yi abin da hannun kowa ke yi yanzu, ya zaro waya. Sai da ya koma gida Tarauni ya ga abin da ya kwaso: Bashir, ɗan dabar da kowa ke shakka, yana caka wa wani wuƙa, ga fuska nan tar.

Ashe Bashir ya gan shi yana ɗauka. Washegari ya same shi a wajen lodi. Ko murya bai ɗaga ba.

"Goge shi ina kallo. In na gan shi a wayar wani, na san gidanku, na san islamiyyar da 'yarka take zuwa."

Nan take Kabiru ya goge. Don tsoro ma har bidiyoyin 'yar tasa Nafisa na ranar sallah ya haɗa ya share. Ya ce shi ke nan, an rabu.

Ina! Wayar ta ci gaba da kukan ta cika. Hoto ba ya shiga, saƙon murya ba ya sauka. Ya yi tsaki, ya ce tsufa ne ya kama ta.

Ran Juma'a ya bar ta a gida saboda 'yan sane, ya tafi masallaci. Da ya dawo matarsa Khadija ta tare shi da murna.

"Baban Nafisa, wayarka ta warke! Na kai wa Audu mai tura finafinai. Ashe duk abin da ka goge yana kwance a wani kwandon shara a ciki. Sai da ya kwashe su duka ya zuba a kwamfutarsa, wai kada mu yi asarar na sallah, sannan ya share."

Kabiru ya miƙe zumbur. Wa bai san halin masu turi ba? Abin da ya shiga kwamfutarsu ya zama haja, duk wanda ya kawo waya sai an zuba masa. Ya fita a guje, ya tarar da shagon a garƙame. Audu ya tafi ɗaurin aure, wayarsa a kashe.

Ranar ko loma bai iya kaiwa baki ba. Da safe ya fita aiki, don zaman gidan ya gagare shi. A Unguwa Uku ya ɗauki samari biyu, suka haɗa kai a kan waya ɗaya. Sai ya ji ihu daga wayar, ya ji wata murya tana ta salati. Wallahi muryarsa ce, shi Kabiru.

"Kai, wannan ai Bashir ne!" in ji ɗayansu. "Tun jiya bidiyon yake yawo. An ce shi ma ya gani."

Kabiru ya taka birki, ya sauke su a nan, ya juya kan adaidaita sai islamiyya. A bakin aji malamar su Nafisa ta dube shi da mamaki.

"Malam, lafiya? Ai yanzun nan kawunta ya zo ya tafi da ita."

Daga shi har Khadija kuwa, babu mai ɗan'uwa namiji ko ɗaya.