Haɓon Malam Ikrima

A raka'a ta biyu ta sallar asuba cikin ya sake murɗawa. Malam Ikrima yana tsakiyar Fatiha ya ji abin ya taso daga gefen hagu na mararsa ya gangara ƙasa, ya kuma san ba zai kai ruku'u ba. Ya kama hancinsa, ya janyo rigar na'ibinsa Suhaibu ya tura shi gaba, sannan ya ratsa sahu kansa a sunkuye. Yana fita ƙofar masallaci ya saki hancin ya ruga gida.

Kama hanci tsohuwar sutura ce da malamai suka koyar: wanda alwalarsa ta karye a cikin jam'i ya riƙe hanci ya fita, mutane su ɗauka haɓo ne. Shi kansa ya sha karantar da wannan babi. Sai dai an tanadi suturar ne don ranar tsautsayi, shi kuwa tun ƙarshen damina yake fakewa da ita. Yanzu kaf unguwarsu a Sandamu ba wanda bai san liman na fama da haɓo ba. Wannan ya kawo garin shaƙa, wancan ya ce ya riƙa jiƙa rawaninsa da ruwan randa. Ya karɓa duka ya yi godiya, kunya kamar ta kashe shi.

Matarsa Maijidda kaɗai ta san inda yake zuwa idan ya fita. Ita ta ce basir ne, ta aika kasuwa aka sayo jiƙo mai ɗaci wurin masu shela da lasifika. Ya sha har ya gaji, abin sai gaba yake.

Da hantsi Alhaji Sada, mai sayar da hatsi, ya tsayar da motarsa a ƙofar gida.

"Allah gafarta Malam, yau dai ba musu. Jama'a ne suka wakilta ni in kai ka asibiti Daura. Dubi tafin hannunka fari fat. Jinin nan da kake zubarwa ta hanci ya yi yawa."

"Alhaji, ai da sauƙi."

"Da sauƙi ina? Har an fara cewa a bar wa Suhaibu limancin. Ni na ce sam, masallacin da mahaifinka ya ja shekara da shekaru? A gyara hanci, magana ta ƙare."

Maganar ta soki Malam Ikrima, don ita ce take hana shi sukuni. Ya shiga mota cikinsa wayam, tun azahar ɗin jiya bai sa komai a baki ba. Alhaji yana ta labarin farashin gero, shi kuwa idonsa na kan gefen titi, yana lura da duk wata duhuwa da za ta iya ɓoye mutum.

Sai da rana ta take, sannan layi ya zo kansu. Ga mamakinsa likitar mace ce, matashiya, Rauda sunanta, ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba. Alhaji ya bi shi ciki ya karɓe bakin magana.

"Haɓo ne, Likita. Kullum a salla. Wani lokacin ma sau biyu a yini."

Ta haska hancin da 'yar fitila, ta duba wannan kafa ta duba waccan. Ta ja fatar idonsa ƙasa. Ta ce ya buɗe baki, ta daɗe tana kallon ƙurajen da ke cikin leɓensa. Sannan ta dubi Alhaji da ladabi.

"Alhaji, don Allah a ɗan ba mu wuri."

Da ƙofa ta rufu ta zauna.

"Malam, hancinka lafiyarsa ƙalau, ba alamar ya yi jini kwanan nan. Amma kana rasa jini. Ta wata hanya yake fita."

Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Masu zuwa masa da tambayar da ke da nauyi a baki suna da wata dabara, sai ga shi bakinsa ya ɗauko ta.

"Akwai wani bawan Allah," ya ce a hankali, "da ciki ke damunsa."

"Allah ya ba shi lafiya. Yana yawan zagayawa?"

"Ƙwarai. Har barci yake tashinsa."

"Da jini?"

"Da jini da majina. Kuma in ya matso shi, ba ya jira."

"In ya je ya dawo, yana jin kamar bai gama ba? Gwiwoyi na ciwo? Rama fa?"

Ya ɗago ya dube ta. Watanni ke nan yana ɗauke da abin shi kaɗai, yana zaton ba wanda aka taɓa jarraba da irinsa, ga yarinya tana jero masa shi daki-daki. Idonsa ya ciko.

"Likita, ni ne."

"Na sani, Malam."

Ta tambaye shi ko ya taɓa yi a da. Ya tuna shekarar da ya dawo daga karatu a Zariya, ya yi wata biyu a haka, sannan ciwon ya tafi da kansa. Bara waccan ma ya leƙo ya koma. Ta gyaɗa kai.

"Ba zan yanke hukunci yau ba. Za a auna bayan gida a tabbatar ba atuni ba ne ko tsutsa, a auna jini, sannan in tura ka babban asibiti a duba cikin hanjin da na'ura. Amma abin da nake zato shi ne ciwon kumburin hanji mai daɗewa. Garkuwar jiki, wadda aikinta kare ka, ita ce take juyowa kan hanjin, ya kumbura ya yi gyambo. Ba basir ba ne, ba sammu ba, ba kuma a ɗaukarsa wurin wani. Jiƙon nan a ajiye shi. Ƙwayoyin ciwon jiki na kemis ma kada ka sha sai ka tambaya, wasu tayar da shi suke."

"Ana warkewa?"

"Ana zama da shi. Yana tashi yana lafawa. Da magani a kan ƙa'ida mutum kan yi shekaru lafiya lau, amma ba a cewa ya tafi."

Ya zo da fatan a ba shi ƙwayar mako guda. Abin da aka ba shi abokin zama ne.

"Ni liman ne," ya ce. "Zan iya ci gaba da jan salla?"

"In ya lafa, me zai hana? Yanzu kuwa, Malam, ka fi ni sanin tsawon raka'a."

A hanyar komawa Alhaji ya miƙo masa ƙunshin auduga da ya saya a bakin asibiti, na toshe hanci. Malam Ikrima ya riƙe shi a cinya har suka bar gari.

"Alhaji, ka yafe mini. Ban taɓa yin haɓo ba. Ciki ne."

Motar ta ɗan rage gudu. Alhaji ya dube shi, ya dubi titi.

"Ciki? To ai basir ne, Malam! Akwai wani mutumin Mai'adua..."

"Ba basir ba ne."

Ya yi masa bayani yadda aka yi masa, bai rage komai ba, har da jinin. Sai da suka shiga Sandamu Alhaji ya ce Allah ya sa kaffara ne, muryarsa a sanyaye.

Da la'asar aka tayar da iƙama, jama'a suka buɗa masa hanya kamar kullum. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Malam Suhaibu, shiga gaba. Kai za ka riƙa ja har Allah ya ba ni lafiya. Ciwon ciki nake fama da shi, jama'a, a sa ni a addu'a."

Ya ji zafin abin har ƙasan zuciyarsa, ya kuma ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa. Ya nufi ƙarshen sahun baya, wurin da tun yana yaro bai taɓa tsayawa ba. Tsofaffi uku ne a can, waɗanda ya sha yi wa wa'azi kan falalar sahun farko, don su suke riga kowa zuwa amma kullum a baya suke maƙalewa. Baba Mati, babbansu, ya matsa ciki ya bar masa gefen ƙofa.

"Tsaya nan, Malam, ya fi saurin fita," ya raɗa masa. "Ni nawa fitsari ne, yana ɗan jira."

Suhaibu ya yi kabbara.