Chindo da Injin Zuƙar Iska

Chindo masassaƙi ne a Gangara, akushinsa har Agiye ake nema. Abu ɗaya ke damunsa. In ya ɗaura akushi a injin juya katako don ya goge gindinsa, sai ya kafe shi da ƙusa, ƙusar ta bar tabo. Ya ji an ce akwai injin da ke zuƙe iska ya riƙe akushi gam ba ƙusa, kuma Tahiru mai gyaran firji a Cadawa yana da tsoho na sayarwa.

Ranar kasuwa ya hau moto ya tafi. Tun a hanya ya shirya kushen da zai yi, ko da injin ya fi sabo kyau, shi dai zai ce numfashinsa ya ƙare.

Tahiru ya jona injin da kuran, wato wutar lantarki, ya miƙa wa Chindo bakin tiyo ya ce ya ɗora tafin hannu ya ji. Chindo ya ɗora, tiyon ya ja sosai, amma ya taɓe baki ya ce hannun masassaƙi duk kanta ne, bai ji komai ba. Don ya nuna wa Tahiru injin ba shi da ƙarfi, sai ya kai tiyon kumatunsa.

Tiyon ya cafke shi. Ya ja, kumatun ya biyo. Ya laluba makunni, ashe ya daɗe da mutuwa, sai an zare waya daga bango, Tahiru kuwa ya juya baya yana gaisawa da wani surukinsa, ana tambayar gida ɗaki ɗaki. Chindo ya yi ta gurnani da rabin baki har mai tsire na gefe ya leƙo ya zare wayar.

Da tiyon ya sake shi, ga da'ira baƙa ƙirin a kumatu kamar an kifa masa kofin shayi. Mutane sun taru. Tahiru ya duba tabon a natse.

"To, Malam Chindo, mi ka gani? Yana ja ko ba ya ja?"

Chindo ya nemi kushen da ya zo da shi ya rasa. Ya biya yadda aka ce, ya ɗaure injin a bayan moto, ya naɗe fuska da rawani.

A gida ya gaya wa matarsa Nazira haƙori ne. Ta yarda, ta shaida wa maƙwabta, aka yi ta aiko masa da kanumfari da jar kanwa. Kowa ya zo dubiya sai ya tsaya ya ga ya tauna. Haka ya yi ta taunawa yana hawaye, ba halin cire rawani.

Injin dai ya yi aiki. Akushin farko ya fito gindinsa sumul, Nazira ta ce wannan ba na kasuwa ba ne, ta zuba masa tuwon dare a ciki.