Karan Sigari a Bakin Get

Tun da jami'ar ta hana shan sigari a harabarta, mashaya suka koma bakin get, ƙarƙashin wata bishiyar dabino da inuwarta ba ta isar mutum biyu. Kamal na cikinsu. Abokinsa Musbahu ba ya sha, shi ne ma ya fi kowa goyon bayan dokar a taron ɗalibai, amma yakan raka shi don su ƙarasa musu.

"Zalunci ne," in ji Kamal, yana share gumi. "Da a bayan laburare nake sha, ba mai ganina. Yanzu sun baje ni a titi kamar shanyar barkono."

"To ka daina mana."

"Inshallah, bayan jarrabawa."

"Bara ma haka ka ce, habibi," in ji Musbahu, yana kwaikwayon yadda Larabawan garin ke kiran aboki.

Wata farar mota ta tsaya a gabansu. Alhaji Salmanu ne, kawun Kamal, mai ofishin tura kaya a unguwar Port Saeed. Shi ne kuma mahaifin Mahfuza, wadda Musbahu ke shirin tura magabatansa neman aurenta. Kafin gilashi ya gama sauka, Kamal ya cusa wa Musbahu karan sigarinsa a tsakanin yatsu.

Suka durƙusa suka gaishe shi, hayaƙi na tashi ta gefen gwiwar Musbahu.

"Musbahu," in ji Alhaji, "kai ne da wannan?"

In ya ce a'a, ya tona asirin aboki a gaban kawunsa. In ya ce e, ya yi ƙarya, kuma da wuya Alhaji ya ba mashayin taba 'yarsa. Ya yi tunanin yin shiru, sai ya ga shirun ma amsa ce.

"Baba, a hannuna dai yake."

"Na gani. To ja mu gani."

Musbahu ya ɗaga karan a hankali. Ya kusa kai shi baki sai Kamal ya fizge ya murje a ƙasa.

"Kawu, nawa ne. Shi ko hayaƙin turare tari yake sa shi."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Tun daga danja na hango ka, ja'iri. Kuma mai sha ba ya riƙe kara kamar ya kamo kunama. Na sha a ƙuruciya, na san riƙon. So na yi in ga ko za ka bari abokinka ya ƙone dominka." Ya buɗe ƙofa. "Yalla, maza shigo, muna da magana."

Ya juyo ga Musbahu. "Kai kuma ranar Juma'a ka zo gida cin abinci. Ka wanke hannun nan tukuna, Hajiya na da hanci."

Kamal ya leƙo ta taga, fuska a marairaice. "Ka ga abin da dokarku ta ja mini?"

"Na gani," in ji Musbahu, yana shinshina yatsunsa. "Gobe ma ina goyon bayanta."