Tsagar Mai Hankici

Ƙarfe biyar zan tsaya gaban mutanen layinmu a kan kwatar da ta toshe wata bakwai, wadda sauronta ya kwantar da yara uku. Sau biyu ina kiran taro, mutum huɗu suka zo, ɗayansu ma inuwa ya biyo. Wannan karon na ce ko kaina sai ya fita tsaf, don haka ƙarfe huɗu na shiga shagon mai askinmu.

Kuskurena ke nan. Ƙarfe huɗu ake sa shirin Mai Hankici, wani mai tsaga a gefen kai da yake zaunar da baƙo a talabijin, ya dafa ƙirji ya ce, "Faɗa mini, ina jin ka," har sai baƙon ya yi kuka ya miƙa masa hankici. Bencin shagon ya cika. Ga Baba Direba, ga tela da almakashi a hannu, ga maigadin makaranta ya baro ƙofa a buɗe.

An kwashe mini gefen dama ke nan sai Mai Hankici ya ce yau ne shirinsa na ƙarshe, likita ya hana shi yawan magana. Injin aski ya tsaya a bayan kunnena. A madubi na ga mai aski yana share ido da tawul ɗin da ke wuyana.

"Yayana, ƙarasa mini," na ce.

"Ƙanena, ba ka da zuciya ne? Bawan Allahn nan zai tafi."

Na miƙe na kashe talabijin. Na ce musu kullum suna kuka saboda mutanen da ba su san su ba, ga 'ya'yan maƙwabtansu a kwance, ga kwata tana wari har cikin shagon nan, ba wanda ya taɓa ɗaga shebur.

"Ɗana," in ji Baba Direba, "maganarka gaskiya ce. Amma da rabin kai kake yin ta."

Na koma kujera. Mai aski ya ɗauki inji, ya kasa ɗora shi a kaina. Ya ce shekara shida bai taɓa askin yamma ba sai da muryar mutumin nan. Na kunna talabijin, ashe an gama, ana tallar sabulu. Biyar saura kwata. Tela ya ba ni aron hularsa, ta tsaya a rabin da ke da gashi.

Na haɗiye takaici, na dafa ƙirji, na sassauta murya. "Yayana, faɗa mini, ina jin ka."

Mai aski ya fara da ranar da ubangidansa ya kore shi, ya bi ta kan ciwon bayansa, ya iso kan akuyarsa da ta faɗa kwatar nan bara. Yana faɗa, inji yana tafiya sumul. Duk inda ya tsaya in ce, "To, ya ka ji a ranka?" Da ya juyo da ni ga madubi, sai ga tsaga a gefen kaina, daidai inda ta Mai Hankici take.

"Wa ya sa ka?"

"Hannu ne ya tafi da kansa, ƙanena."

Kafin in isa wurin taro, tela ya riga ni da labarin wai ƙanen Mai Hankici zai yi magana. Mutum ya fi hamsin. Na fito da takardata mai shafi uku, na karanta layi biyu, suka fara kallon takalmansu. Na ninke ta. Na nufi Inna mai wanki, kakar ɗaya daga yaran da ke kwance, na dafa ƙirji.

"Inna, faɗa mini, ina jin ki."

Ta faɗa. Maganar da na yi wata bakwai ina yi ce, ba ta ƙara komai ba, amma Baba Direba har da shessheƙa. Ya miƙo mini hannu yana neman hankici, na damƙa masa shebur. Ya dubi shebur ɗin, ya dubi jama'a suna kallonsa, ya naɗe ƙafar wando.

Kafin rana ta faɗi ruwan kwata ya fara gudu. Har yau haushi nake ji, manyan mutane sai an dafa musu ƙirji kafin su ji warin da ke ƙofar gidansu. Amma akwai bolar bayan makaranta, kuma tsagar ta fara cikewa. Na ce wa mai aski ya ajiye mini kujera ranar Laraba.