Filo a Ƙarƙashin Gwiwa

Likitan ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila, ya ce gwiwar hagu ta cinye, ƙashi ne kawai ke gogar ƙashi. Tsohon bai yi mamaki ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, har abokan aiki suka laƙaba masa Jan Biro, saboda haka yana gane abin da ya lalace idan ya gan shi.

"Za mu cire ta mu sa ta ƙarfe," in ji likitan. "A ina kake zaune, Baba?"

"Hawa na uku."

"Akwai lifta?"

"Akwai matakala hamsin da huɗu."

Auta, 'yarsa da ta rako shi, ta gyara zama. Shekara biyu ke nan, tun rasuwar mahaifiyarta, take neman hanyar sauko da shi daga benen nan, ga shi yau likita ya miƙa mata ita a sama. Ba su kai bakin ƙofar asibiti ba ta shimfiɗa masa sharaɗi. Bayan tiyata a gidanta zai yi jinya, tunda nata a ƙasa yake. Ran da ya hau matakalar nan da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi, ya koma gidansa. Idan kuwa ya kasa, a kwashe kayansa, ya zauna wurinta har abada.

"Har abada nawa ya rage mini?" ya ce.

"Baba, don Allah ka daina."

Ya amince, domin yana ganin matakala ba za ta gagare shi ba.

Sati biyu aka yi ana shiri. Aka hana shi wasu magunguna, aka ɗebi jininsa sau uku kamar masu neman wani abu da suka ajiye a ciki, aka koya masa ɗaga ƙafa yana kwance. Auta ta zo ta naɗe dardumomin falo don kada su harɗe shi nan gaba, ta sa aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Shi kuwa ya haɗa jakarsa da kansa: littattafai uku, tabarau biyu, da wani ɗan filo shuɗi wanda bai fi tsawon hannu ba. Marigayiyar ce ta ɗinka shi da ragowar yadin labule, lokacin da gwiwar ta fara ciwo. Kullum ya dawo daga aiki ya miƙe a doguwar kujera, sai ta zo ta ce, "Ɗaga, sarkin taurin kai," ta cusa masa shi a ƙarƙashin gwiwa, ta koma kicin ba ta jira godiya ba. Shi ma bai taɓa yi ba.

Tiyatar ba ta da wani labari. An yi masa allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, yana jin ƙarar zarto da guduma kamar an kwantar da shi a shagon kafinta. Kashegari aka tsayar da shi a jikin ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu, ya yi taku shida, ma'aikatan jinya suka tafa masa kamar ɗan yaye. Ranar sallama aka ba shi takarda shafi biyu, ta abin da zai yi da wanda zai bari. Ya ciro jan bironsa ya bi ta yadda ya saba bin kowace takarda a wurin aiki, daga layin ƙarshe zuwa na farko, kalma kalma, don kada ma'anar magana ta ɗauke ido daga kuskure. Ya samu goma sha ɗaya. Ya ninke ta ya ba Auta, ransa fes, kamar ya gama da ita.

Ɗakin da aka ba shi a gidan 'yar tasa ba shi da laifi, kuma wannan ne ya fi ba shi haushi. Gadon sabo, bangon fari, tagar tana kallon katangar maƙwabta. Surukinsa mutumin kirki ne, irin wanda ke tambayar jiki sau biyar a rana kuma ya tsaya jiran amsa. Tsohon yakan kwanta ya rufe ido ya zaga gidansa a zuci. Ya shiga falo, ya wuce kantar littattafai da ta karkata, ya tsaya a ƙofar kicin inda famfo ke ɗiga tun shekarar da aka haifi Auta. Kofinta mai tsagaggen baki yana nan a kife. Gilashin karatunta yana kan rediyo. A gidan Auta sai an yi maganar marigayiyar ake tuna ta, kuma da zarar an fara sai kowa ya sassauta murya. A can kuwa ba sai an ce komai ba.

Mai gashin ƙashi tana zuwa sau uku a sati. Mace ce gajera mai ƙarfin hannu, tana da wani ma'auni mai kama da almakashi da take ɗorawa a gefen gwiwa.

"Lanƙwasawa kam ka ci jarrabawa, Baba. Miƙewar ce ban gane ba. Danna ƙasa. Danna mana!"

"Ina dannawa."

"Fuskarka ce ke dannawa, ƙafar tana hutu."

Sati na biyu saura digiri goma sha biyar gwiwar ta miƙe sosai. Sati na uku, goma sha biyar. Sati na huɗu ma haka. Matar ta daina wasa. Ta ce ƙafar da ba ta miƙewa ba ta ɗaukar mutum a matakala, kuma idan naman ya warke a haka, to, a haka zai zauna. Ta tambaye shi ko yana yin motsa jikin, ya ce yana yi, kuma gaskiya ya faɗa.

Wata Laraba wani mara lafiyarta ya fasa ganinta, sai ta iso da wuri, wajen ƙarfe biyu na rana. Auta ta tura ƙofar a hankali. Yana barci, littafi a kife a ƙirjinsa, gwiwar a ɗage a kan shuɗin filo.

"Tabɗi!" in ji mai gashin ƙashi. "Ashe ga ɓarawon nan!"

Ya farka ya gan su a kansa.

"Tun yaushe kake sa wannan?"

"Tun kafin a haife ki, ina jin."

"Ina nufin bayan aikin."

"Kullum. Rana da dare."

Ta dafe kai. "Sati huɗu ina miƙar da ita minti arba'in, kai kana lanƙwashe ta awa goma sha biyar! Ba a ba ka takarda ba?"

Auta ta fita ta dawo da takardar. Duk jikinta jan biro ne. Ta sa yatsa a layi na huɗu, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe, ta karanta da ƙarfi: kada a sa filo ko wani abu a ƙarƙashin gwiwar da aka yi wa aiki.

"Baba, har alama ka yi a gefen layin nan. Ba ka karanta ba?"

"Na gyara shi," ya ce. "Ba a biyana in karanta."

Ba wanda ya yi dariya. Auta ta miƙa hannu za ta zare filon, ya riga ta dafe shi.

"Bar shi."

"Baba, filo ne fa. Gidan nan cike yake da filo."

"Uwarki ce ta ɗinka."

Hannunta ya tsaya. Ta ƙura wa yadin ido, sai yanzu ta gane labulen ɗakinsu ne na da.

"Shekara ashirin tana sa mini shi," ya ce, yana kallon bango. "Ba ta taɓa cutar da ni ba."

Mai gashin ƙashi ta zauna a bakin gado. Muryarta ta sauka. "Ba ta yi kuskure ba, Baba. Waccan gwiwar hutu take so, ta kuwa ba ta. Wannan daban ce."

"Na sani. Wannan ba ta san ta ba."

Daga falo ana jin surukin yana rage ƙarar talabijin. Tsohon ya san da Auta ta so, cewa kawai za ta yi a bar masa abinsa, nan da wata guda gwiwar ta ƙage, ta samu abin da take nema. Maimakon haka ta share ido da bayan hannu ta ce, "Zaɓi ɗaya, Baba. Ko shi, ko benen."

Ya ɗaga ƙafar da hannu biyu, ya zaro filon da kansa, ya miƙa mata.

"Kada ki wanke shi."

Sati biyar ɗin da suka biyo baya ba ya son tuna su. A ɗora diddigensa a kan naɗaɗɗen tawul, gwiwar tana reto, a aza mata jakar yashi, ya ƙirga minti goma yana zagin marubutan da ya tsana ɗaya bayan ɗaya. Barcin rana ya ƙaurace masa, domin ƙafar a miƙe kamar ta wani ce aka ajiye masa. Ma'aunin ya ce goma, ya ce bakwai, ya tsaya a uku.

"Uku za ta hau bene," in ji matar. "Ba da gudu ba."

Ranar Asabar da safe su uku suka tsaya a gindin matakalar benensa. Sanda a hannun dama, ƙarfen bene a hagu.

"Mai lafiya ce ke fara hawa, sabuwar ta bi ta," mai gashin ƙashi ta tuna masa.

Ya hau goma sha takwas na farko bai tsaya ba. A hawa na biyu tsohuwar telar da ke zaune a nan ta leƙo, tsinken allura a bakinta.

"Lale da angon ƙarfe! Mun ɗauka an sayar da kai."

"An kai ni kasuwa, ba wanda ya taya."

Daga nan numfashi ya fara gagararsa. Rigarsa ta jiƙe. A ta arba'in da shida ƙafar ta yi rawa, ya ji hannun Auta ya matso kusa da bayansa.

"Kada ki taɓa ni."

Ta janye. Ya tsaya har rawar ta lafa, sannan ya ci gaba, ɗaya, ya huta, ɗaya, ya huta, har ƙafarsa ta nemi wata matakalar ta tarar babu.

Ga ƙofar nan, koriya, fentin ya ɓare a wajen mariƙi. Ya jingina sandar, ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya tsaya yana haki yana jira. Sai da ya ji shirun ya yi yawa sannan ya gane abin da ya yi. Mai gashin ƙashi ta juya tana duba wayarta. Auta ta ciro makulli daga jaka ta sa masa a tafin hannu, ba ta dube shi ba.

Ya buɗe. Warin rufaffen ɗaki ya tare shi. Komai yana inda ya bar shi, kuma ba kowa.

"Baba, ko in zauna zuwa yamma?"

"Mijinki na jira. Tafi."

"Ka tabbata?"

"Sharaɗinki ne, ba nawa ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana jin saukarsu, takalma huɗu suna cinye matakalar cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Sannan ya shiga, ya mayar da ƙofar, ya fara buɗe tagogi.