Ɗigo Biyu da Ɗaya

Shekara tara ina kula da sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafukanmu na intanet, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni na minti biyar sai ya sha wannan labari. Wata ranar Asabar na yi wa 'yata Auta alkawarin zuwa makarantarsu, in ga wasan kwaikwayon da za ta fito a ciki. Sau biyu ina saɓa mata saboda aiki.

Ƙarfe tara, ina ɗaure igiyar takalmi, manaja ya kira. Wai sabon shafin ma'aikata yana bukatar adireshinsa daban.

"Aikin minti biyu ne, daga nan ma zan yi," na ce wa matata, ina buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci.

"Haka ka ce wancan karon," in ji ta.

Katin sadarwa ɗaya sabar take da shi, sunansa eth0, ta nan kowa ke shiga, har ni daga gida. Na ƙirƙiro na bogi a kansa, eth0:1, na ba shi sabon adireshin. Auta ta leƙo da fukafukan kwali a bayanta, sai na kama yi mata lacca: inji ɗaya ne, amma yanzu yana amsa sallama ta ƙofa biyu. Har da ɗaga yatsa.

Garin surutu na rubuta adireshin ba daidai ba. Ba komai, in ji gwani, a kashe na bogin a sake. Na buga umarnin idona na kanta, ina jira ta ce babanta ya iya.

Allo ya tsaya cak. Na duba abin da na rubuta: eth0. Ba ɗigo biyu, ba ɗaya. Ƙofar gaskiyar na rufe, ni kuma ina waje. Ba yadda zan yi sai na je gaban injin da ƙafata, tafiyar awa guda, wasa kuwa ƙarfe goma ne.

Waya ta hau ruri. Matata ta miƙo mini makullin ofis. Wallahi gara a ce zagina ta yi, da kunyar ta yi sauƙi.

Auta ta rako ni bakin ƙofa, fiffike ɗaya ya karkace.

"Baba, ka ce injin yana iya zama biyu?"

"Ƙwarai kuwa."

"To ka yi mini baba na bogi mana. Ba sai ya yi komai ba. Ya zauna a kujerarka kawai, in gan shi."