An Yi Musu, Yaya?

Auta ta hango motar yayanta ta taga. Tagwayensa ne suka fara dirowa, ɗaya yana goge hanci da hannun riga. Ta yi wuf ta murɗa makulli.

Tun da aka ɗora 'yarta a kan maganin kansar jini, likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa garkuwar jikin yarinyar ta kwanta. Ba a isa a yi mata allurar ƙyanda yanzu ba, in kuwa ta kamu, sai dai addu'a. Dole duk mai raɓar ta ya zama an yi masa rigakafi. Ga shi ƙyanda ta ɓulla a makarantar tagwayen.

Yaya kuwa, Allah ya shirya! Don babban ɗansa ya taɓa yin zazzaɓi bayan allura, damtsensa ya ɗan kumbura, shi ke nan ya yanke hukunci wai jinin gidansu ba ya karɓar allura. Auta ta yi bayani har bakinta ya gaji.

Ya ƙwanƙwasa. "Auta, buɗe mana. Sun zo duba 'yar'uwarsu."

"An yi musu, Yaya?"

"Kin fara ko? Sai da na sa suka yi wanka da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta."

Wanka!

"Yaya, don Allah ka gane. Zazzaɓin nan jiki ne ke koyon faɗa da cutar. Wanda allura ba ta karɓe shi ba, nan take fuska ke kumbura, numfashi ya sarƙe, shi ya sa ake zaunar da mutum a asibiti bayan an yi. Ɗan naka fa? Washegari ba ƙwallo ya fita ba?"

"Yau kuma likita kika zama? A hannuna kika girma fa."

"Na sani."

Sai ga yarinyar ta fito daga ɗaki, hula har kunne, ta jiyo muryar tagwaye. Rabon da ta yi murmushi irin wannan har an manta. Ta miƙa hannu ga makulli, Auta ta riga ta, ta zare shi.

Daga waje Yaya ya ce, "In na juya yau, na bar taka gidan nan."

Yarinyar tana kuka tana dukan cinyar uwarta. Auta ta jingina goshi da ƙofa.

"To, Yaya. Ka gaida gida."